Idon Maiwada a Majigi

Ni dai ban taɓa son dambe ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma gidanmu gidan fawa ne a Likoro, kuma a gidan mahauta ba a neman shawarar mace kafin a naɗa wa yaro zare a hannu. Maiwada ɗan ƙanena ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa ya bi ta tun bai yi wayo ba. Ni Hajo na goya shi, na raine shi da kunu, na yi masa dukan da ya kamace shi. Tun ranar da ya fara shiga fage, ba sallar da zan idar ban roƙi Allah ya cire masa son abin nan daga zuciya ba. Duk da haka ba fagen da ya shiga ban bi shi da ƙwaryar furata ba. In an tambaye ni sai in ce ciniki ya kawo ni.

Ga wanda bai san dambe ba, abin ba wuya. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare har ya yi tauri, shi ne na duka. Ɗayan a buɗe yake, da shi ake kare fuska. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da zai tashi ya kakkaɓe wandonsa ya tafi gida da ƙafarsa. To, kaka bayan kaka, daga Kudan zuwa Dandamisa har Ikara, ba a samu wanda ya kai Maiwada ƙasa ba. Shi kuwa ba mai yawan duka ba ne. Zai yi ta zagaya mutum kamar ba shi da niyya, Tukur makaɗinsa yana bin sa da kalangu, can sai ka ji ɗim, ka ga ƙato a kwance yana shure-shure.

Na taɓa tambayarsa yadda yake yi, wata rana ina gasa masa yatsu da ruwan zafi.

"Wallahi Gwaggo ban sani ba," in ji shi. "Ina jin kiɗan Tukur, sai duniya ta yi tsit. Ba na jin ihun mutane, ba na jin ƙafata. Sai dai in farga in ga mutum a ƙasa."

Na ce ya riƙe sirrinsa, ni ba fage zan shiga ba. Na ɗauka rowar magana yake yi mini. Ashe gaskiya yaron ya faɗa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba motar majigi ta fara zagaya ƙauyukanmu. Mai kula da ita wani matashi ne, Malam Sada, ɗan Zariya, mai ladabi, ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Aikinsa nuna wa manoma yadda ake feshin auduga da yadda ake rufe bakin rijiya. Amma yana da wani ɗan akwati na ɗaukar hoto mai motsi, kuma ranar kasuwar Makarfi da Maiwada ya kashe wani ɗan damben Dandamisa, Sada yana bakin fage da akwatin a ido. Har mun manta da zancen, sai ga shi ya dawo Likoro da albishir: an wanko hoton a Kaduna, yau za mu ga ɗanmu a jikin farin ƙyalle.

Ana idar da magariba filin makaranta ya cika maƙil. Har da baƙi, cikinsu akwai Mamuda na Kurmin Kogi, wani ɗan dambe mai wuya kamar turmi, wanda ya daɗe yana neman gamuwa da Maiwada. Sayen bijimi ya kawo shi garinmu, ya ji ana zancen majigi ya tsaya. Aka fara da auduga, mutane suna hamma. Sai ga Maiwada ya bayyana, ya fi tsawon ɗaki, yana zagaya ɗan Dandamisa. Fili ya ɗauki ihu. Yara suna nuna na jikin ƙyalle suna waiwayen na zaune. Shi kuma yana kan benci kusa da dagaci, yana murmushi yana sosa ƙeya. Duka ɗaya, ɗan Dandamisa ya zube, aka sake kaurewa da sowa.

Da a nan aka tsaya, da kowa ya tafi gida da daɗin rai. Amma Sada yana son ya ƙara girmama Maiwada. Ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, dukan nan ya yi sauri, ido bai kama shi ba. Bari in mayar da shi baya in tafiyar da shi a hankali, ku ga gwaninta."

Ya mayar. Mutanen cikin ƙyallen suka shiga motsi kamar suna tafiya a cikin ruwa. Fuskar Maiwada ta cika ƙyallen, kuma ba fuskar da muka zata ba ce. Ba ɗaure fuska, ba cije baki. Ta saki gaba ɗaya, leɓensa na ƙasa ya ɗan rataya, irin yadda yake yi yana jinjiri in ya ƙoshi da kunu. Idanunsa sun kafe a kan ramin wuyan abokin karawarsa, ba ƙiftawa, ba waige. Sannan kafaɗa ta juya, hannu ya taso, kuma daidai nan idanun suka rufe ruf. Sada ya tsayar da hoton a wurin. Ga hannu a haɓar mutum, ga zakaran Likoro ido a rufe kamar mai barci.

Filin ya yi tsit har ana jin injin motar. Ni kaina bakina a buɗe yake. Na waiga wajen Maiwada, na ga ya miƙe tsaye bai ma san ya miƙe ba, yana kallon ƙyallen kamar an nuna masa gawarsa.

Mamuda ne ya fara dariya.

"Kai jama'a! Ashe duk shekarun nan makaho ke kashe ku? Maiwada, in tsoron jini kake ji ai sai ka faɗa, a ba ka zane ka rufe kai gaba ɗaya."

Mutanensa suka tuntsire. Abin da ya fi ci mini rai, har wasu 'yan garinmu suka taya su, waɗanda jiya-jiya suke cin tsire kyauta da sunan yaron nan. Maiwada ya juya, ya ɗaga hannunsa na dama sama.

"Ku shaida, dagaci ya shaida. Wallahi tallahi, ranar da na sake kashe mutum ido a rufe, ranar zan kwance hannun nan, ba zan sake naɗa shi ba har in mutu."

Ludayi ya suɓuce mini ya faɗa cikin nono. Na san yaron da na goya. Tun yana ƙarami in ya ce ba zai ci tuwo ba, to sai dai a ba kaji.

Washegari ya rataye buhun dawa a reshen ɗorawar bayan gida ya fara abin da bai taɓa yi ba, wai koyon dambe. Ya zaro idanu kamar wanda aka shaƙe, ya kai duka, ya tsaya, ya juyo wajen matarsa Rahmatu da ya tsayar a gefe.

"Na rufe?"

"Ba ka rufe ba."

"To wace ƙafa na fara jefawa?"

Ita ina za ta sani? Ya kira Tukur, shi ma ya tsare shi da tambaya: kafaɗa ke fara tafiya ko ƙugu? Numfashi yake ja ko saki yake yi? Tukur ya ce shi kiɗa ya sani. Ina zaune ina kallo daga bakin madafa, na ga mutumin da yake tafiya a fage kamar kyanwa ya fara harɗe ƙafafunsa a gaban buhu. Idanunsa suka yi ja don hana su ƙiftawa. Har tafiyarsa ta zuwa mahauta ta canza, yana yi yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Aka sa damben Maiwada da Mamuda ranar kasuwar Makarfi. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, domin labarin majigi ya riga mu isa ko'ina. Rabin mutanen ba dambe suka zo kallo ba, idon Maiwada suka zo gani. Tukur ya saki takensa, shi kuwa ya shiga fage da idanu a waje. Na ajiye ƙwaryata na hau kan wani kututture.

Tun zagayen farko na ga ba lafiya. Ba Mamuda yake kallo ba. Hannunsa yake kallo. Zai duba zaren, ya duba ƙafarsa, ya ɗago, ya sake dubawa. Sau biyu Mamuda ya buɗe masa haɓa fili, irin damar da a da ko ƙiftawa ba za a yi ba an gama. Na ga kafaɗar ta motsa, ta tsaya, kamar tana jiran izini, sannan hannun ya tafi a makare ya daki iska. Mamuda bai yi wata-wata ba. Ya sauke masa ɗaya a gefen baki, ƙarar ta kai har rumfar masu goro.

Maiwada ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu.

Kalangun Tukur ya mutu a tsakiyar kiɗa. Ba wanda ya yi ihu da farko, har mutanen Kurmin Kogi, domin su ma ba su yarda da abin da suka gani ba. Wata mata kusa da ni sai salati take yi. Shi kuma yana durƙushe yana kallon haƙorinsa a cikin ƙasa, idanun nan har yanzu a buɗe, ya ƙi ƙifta su. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba shi da dambe, ranar na sauko daga kututture na kutsa wajensa, ko ƙwaryata ban tuna ba.

Kafin mu iso gida, Likoro ta gama yanke hukunci: akwatin Sada ne ya zuƙe wa Maiwada ƙarfi. Ai kowa ya ga an kama shi an liƙa a ƙyalle, an tafiyar da shi a hankali, to ga shi nan ya koma mai nawa a fili. Samarin fawa suka ce duk ranar da motar majigi ta sake shigowa sai sun farfasa ta. Dattawa suka bazama neman magani. Aka kawo rubutun sha, aka kawo saiwoyi na wanka, aka kawo turare mai warin ƙonannen ƙaho da ya kori kowa daga tsakar gida. Layu kuwa aka jera masa su tun daga wuyan hannu har hammata, hannun ma da ƙyar yake lanƙwasuwa. Ya koma gaban buhu da kayansa jingim, ya ƙara lalacewa.

Ana cikin haka Sada ya zo, a kan keke, ba mota. Na yaba masa, domin ya san abin da ake faɗa a kansa. Ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gida da jikin Maiwada da gajiyar kasuwa, bai bar komai ba. Na amsa masa a daƙile. Maiwada yana zaune a kan buzu, bakinsa a kumbure, bai ɗago ba.

"Iya, na zo neman gafara," in ji Sada. "Wallahi don in ɗaukaka shi na yi. Amma akwatina bai ɗauke masa komai ba. Ƙarfinsa yana nan."

"To ina ya shiga?" na ce. "Kai da ka yi boko, gaya mini."

"Iya, kin taɓa ganin mai koyon keke? Ranar farko yana kallon ƙafarsa, yana kallon hannunsa, yana tunanin kowane motsi, kuma yana faɗuwa. In ya ƙware sai ya tuƙa yana hira, har da buhu a baya. Wani likita ya taɓa yi mana bayani, ya ce ƙwaƙwalwa ce take karɓe aikin daga sashen da ke tunani da magana, ta miƙa wa wani sashe da ba ya magana, shi kuwa ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na ɗauki hoton masu gudu da masu tsalle da 'yan ƙwallo a Kaduna. Gwanayen cikinsu duk haka fuskarsu take sakewa in sun zo kan gaɓa. Idon Maiwada ya riga ya gama aikinsa kafin hannu ya tashi, ya ga duk abin da yake bukata. Rufewar ba tsoro ba ce. Amma yanzu mai tunanin ya dawo ya tsaya a kan aikin yana sa ido, shi ya sa hannun yake jira."

Ni ban taɓa ganin ƙwaƙwalwa ba sai ta saniya a faranti, kuma ban ga wani sashe mai magana a cikinta ba. Na faɗa masa haka. Ya yi murmushi, ya sha ruwa, ya yi sallama ya tafi.

Amma maganar ta tsaya mini a rai. Da la'asar Rahmatu tana daka mini geron fura a tsakar gida, tana lugude kamar kullum: ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke a turmi, duk tana ba ni labarin akuyar maƙwabta da ta cinye mata shanya. Ko kallon taɓaryar ba ta yi. Maiwada yana jingine da bango yana shan iska.

"Rahmatu," na ce, "da wane hannu kike fara sakin taɓaryar nan?"

"Ni? Ban sani ba, Gwaggo."

"To duba ki gaya mini."

Ta yi dariya, ta cilla, ta bi hannuwanta da kallo. Tafin ya zo a makare, taɓaryar ta sauko a karkace ta daki leɓen turmi, ta yi tsalle ta faɗi dab da yatsun ƙafarta. Gero ya watse, kaji suka rugo. Yarinyar da take lugude tun ba ta kai tsawon taɓarya ba ta tsaya riƙe da baki. Ta ɗauka ta sake gwadawa, ta sake kuskurewa.

"Gwaggo, me kika yi mini?"

Sai ga Maiwada ya taso. Ya tsaya a kan geron da ya zube yana kallon taɓaryar. A hankali ya fara tsinke layun nan ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a cikin ƙwarya.

"Ke nan ba abin da aka yi mini," ya ce. "Gwaggo, kin gane abin da na yi wa kaina? In na tsare idona, a kashe ni. In na sake shi, in yi kisa, in kwance hannu."

Na gane sarai. Na je wurin liman da kaina. Ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai, magana ta wuce. Na kawo wa Maiwada wannan da murnata. Ya ce kaffara tsakaninsa da Allah ce, ya yarda, amma wace kaffara zai yi wa mutanen da suka ji shi a filin makaranta? Na ce to ya zauna a gida, kada ya sake shiga fage, ba kisa ba kwance hannu. A lokacin makaɗan Mamuda sun riga sun sa shi a waƙa, kowace kasuwa ana rera makahon Likoro, har yaran unguwarmu na ji suna yi a bakin rijiya. Da aka aiko cewa za a rufe damben kakar a Ikara kuma Mamuda yana kira, bai shawarci kowa ba ya amsa.

A Ikara na samu wuri a gaba, na ƙi sayar wa kowa fura don kada a tsare mini gani. Turmin farko, wato zagayen farko na karawa, Maiwada ya shiga da idanunsa a zare, yana ta fama ya riƙe duka biyun, rantsuwa da nasara. Mamuda ya yi ta jibgarsa. Gira ta fashe, kunne ya yi jini, sau ɗaya har ya yi tangaɗi yatsunsa suka kusa shafar ƙasa, fage ya ɗauki kuwwa. Da aka raba su ya koma gefe yana haki, bai dubi kowa ba.

Da aka koma, Tukur ya yi wani abu. Ya bar taken da aka san Maiwada da shi, na zakara, ya koma wani ɗan kiɗa mai sanyi da yake yi masa tun yana yaro, lokacin da yake dambe da sa'o'insa a bayan mahauta ba mai kallo sai karnuka. Ban sani ba ko da gangan ya yi, ko hannunsa ne shi ma ya tafi da kansa. Na ga kan Maiwada ya ɗan karkata wajen kiɗan. Kafaɗunsa suka sauko. Ƙafafun nan da suka yi ta harɗewa suka fara zagaye, sannu, sannu, kamar ba niyya. Ya daina duban zaren. Idanunsa suka sauka a ramin wuyan Mamuda suka zauna, leɓensa na ƙasa ya rataya.

Na san abin da ke zuwa. Ihu ya taso mini har maƙogwaro, in ce masa ya tsare idonsa. Sai na tuna taɓaryar Rahmatu, na tuna shi a durƙushe a Makarfi, na cusa bakin mayafina a baki na cije.

Ban ga tafiyar hannun ba, ba wanda ya gani. Fuskarsa nake kallo. Ƙara kawai na ji, sannan Mamuda, duk girmansa, ya tafi da baya ya faɗi warwas, ƙafafunsa a sama.

Ikara ta girgiza. Mutanen Likoro suka ɓarke cikin fage, waɗanda suka yi masa dariya su ne a gaba. Suna ɗaga shi suna ihu, "A buɗe! A buɗe yake! Mun gani!" Tukur yana kuka yana rantsuwa cewa idon ko ƙiftawa bai yi ba, alhali shi a bayansa yake tsaye. Har mutanen Kurmin Kogi ba wanda ya yi musu, suna can suna yi wa nasu fifita. Ba akwatin Sada a wurin, ba ƙyalle, ba mai mayar da abu baya.

Maiwada ya zame daga hannunsu. Yana waige-waige kamar wanda aka tasa daga barci, kuma na san bai san abin da ya faru ba, duniya ta yi masa tsit kamar da. Ya ture wannan, ya ture wancan, har ya iso gabana. Jini yana bin gefen fuskarsa. Ya durƙusa kamar yadda yake yi in zai gaishe ni da safe.

"Gwaggo, ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Na rufe?"

Mutane suka yi cirko-cirko. Tukur yana bayansa yana girgiza mini kai, yana roƙona da ido. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kawo ranar da yaron nan zai bar dambe, ga ta an sa mini a baki, kuma wallahi ban so ta ba. Na ga abin da yake zama in kiɗan nan ya ɗauke shi, na ga kuma abin da ya zama da aka raba shi da shi. Ƙarya ɗaya ce, duk garin zai taya ni riƙe ta. Amma yaron ya tsallake mutum ɗari masu cewa a buɗe, ya zo wurina.

"Ka rufe," na ce.

Wani ya yi salati. Tukur ya sauke kalangunsa ƙasa ya juya baya. Maiwada ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ya sani, ya miƙo mini hannun.

"To kwance mini, Gwaggo. Yatsuna ba za su iya ba."

Na riƙe hannun a cinyata. Yana da zafi, yana ɗan motsi da kansa kamar bai ji an gama ba. Ƙullin ya sha gumi da jini ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Na yi ta warware zaren ina naɗe shi a tafina, fage guda ba mai tari. Shi kuwa yana durƙushe yana kallon yatsunsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a buɗe tar.